Kanofi ko murfin shimfiɗe? Dan Allah ku ba ni shawara kan bayan Hilux ɗina

Mai Sola, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawarar masu a-kori-kura nake nema. Ina da Hilux 2012 mai ƙofa huɗu, irin Vigo ɗin nan, da ita nake aikin haɗa sola, yau ina Ikeja gobe Ajah jibi Ikorodu. Kayan da basa rabuwa da bayanta su ne inbata, batura, naɗin waya, akwatin kayan aiki da tsani, wani lokacin har da farantan solar in kwastoma bai sa an kai mishi ba. Yanzu tamfol nake rufawa in ɗaure da igiya, to ga damina ta kankama, kun san ruwan Yuni da Yuli a garin nan na Legas baya sallama, kana tsakiyar gadar Third Mainland sai ya ɓarke kuma ba inda za ka tsaya ka gyara tamfol, ga goslo hankalina kullum yana baya tunda aka taɓa zare min akwatin kayan aiki wajen Oshodi ban ma ji ba sai da na isa wurin aiki. Wlh tura ta kai bango. Abu biyu nake dubawa, ko kanofi wanda ake ɗorawa ya kai tsayin rufin mota mai gilasai da ƙofar baya, ko murfin nan da yake kwanciya daidai da bakin bodi, mai ninkewa uku ko mai naɗewa. Kuɗin guda ɗaya nake da shi. Kuma da sallah nakan tafi gida Katsina da iyali a motar. Wanne ya fi dacewa da ni?

Direban kamfani, Apapa:
Wa alaikumus salam. Kanofi, ɗan uwa, kar ma ka tsaya dogon tunani. Motocin wurin aikinmu duk shi ne a kansu, kaya suna kulle, ruwa baya taɓa su, kuma za ka iya jera kwalaye har sama. Murfin shimfiɗe na masu motar gayu ne da ba sa ɗaukar komai sai jakar tafiya.

Makanike, Ladipo:
Wa alaikumus salam. Malam Direba ba haka ba ne gaba ɗaya, ku a kamfani kwalaye kuke ɗauka masu girma ɗaya, shi kuma kayansa kala-kala ne. Mai Sola, kafin ka saurari kowa a cikinmu ɗauki tef ka auna bayan motarka da kanka. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu tsawonsa wajen mita 1.5 ne, zurfinsa kuma bai cika rabin mita ba. To duk abin da ya wuce rabin mitar nan a tsaye murfin shimfiɗe ba zai rufu a kansa ba, shi ke nan magana ta ƙare. Batir tubula mai 200Ah tsayinsa ya haura santimita 40, zai shiga amma da ƙyar, kuma ka san ba a kwantar da shi saboda ruwan asid, ba kuma za ka ɗora komai a kansa ba. In ka ɗauki guda huɗu da inbata da akwati ka ga wuri ya ƙare. Mai naɗewa kuma akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa sai ka tambaya, akwatin da yake naɗewa a ciki yana zaune ne a gaban bodin kusa da gilashin baya yana cinye maka wajen taƙi guda na tsawo, a bodin da dama gajere ne.

Sai maganar farantai, nan ne nake so ka natsu. Farantin 550W da ake yayi yanzu tsawonsa ya kai wajen mita 2.3, faɗinsa ya ɗan wuce mita 1. Ba kanofi ba murfi, babu wanda zai rufu a kansa a bodin mita 1.5. In murfi ne sai ka ninke shi ko ka naɗe ka sauke ƙofar baya farantin ya leƙo waje ka ɗaure, kenan ranar da ka ɗauko farantai sauran kayan ma suna buɗe ruwa na dukansu. In kanofi ne ko dai ka bar ƙofofin a buɗe suna lilo, wanda ban ba ka shawara ba a ramukan hanyar nan, ko kuma ka sa kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, a samansa ka ɗora farantai da tsani a can, kayan tsada suna ciki a kulle. Ni a ganina wannan na ƙarshen shi ne aikinka. Amma fa ba kowane kanofi ne yake ɗaukar nauyi a ka ba, na faiba in ba a ƙarfafa shi da ƙarfe ta ciki ba tsagewa yake daga wajen noti, ka tambayi kilo nawa rufin yake ɗauka mota tana tafiya, ba tana tsaye ba, lissafin biyu ne daban. Farantin nan ɗaya ya kusa kilo 30, ka yi lissafi.

Mai Sola, Agege:
Allah ya saka da alheri Oga. Gaskiya tsanin ma yana cikin damuwata, yanzu jingina shi nake a kan rufin mota in ɗaure. To nauyin kanofin fa? Na ji ana cewa yana sa mota shan mai, kuma ka san tun da aka cire tallafi a 2023 duk lita sai mutum ya lissafa.

Makanike, Ladipo:
Na faiba yakan kai kilo 70 zuwa 100, murfi mai tauri bai kai rabin haka ba, na leda kuwa hannu ɗaya za ka ɗaga. Motarka an yi ta ne ta ɗauki kusan tan 1 har da mutanen ciki, to ka cire nauyin kanofi daga ciki, shi ne abin da ya rage maka. Maganar mai kuwa kar ta zama ita ce za ta yanke maka hukunci, wanda yake wuni a goslo daga Agege zuwa Ajah da AC a kunne ba iska ce ke shanye mishi mai ba, tsayuwa ce. Bambancin sai a doguwar hanya kuma shi ma kaɗan ne.

Alhaji mai albasa, Mile 12:
Salamu alaikum. Yaro ni ba zan ce maka ga wanda za ka saya ba tunda sana'armu ba ɗaya ba, amma ka ji nawa. Mu masu kayan gwari ba ma kusantar kanofi, albasa da tumatir da tattasai iska suke so, ka kulle su cikin ranar Legas kafin ka kai Ikotun sun fara gumi. Ƙarfe muke sa mai walda ya kafa mana mu rufa tamfol mai kauri. Abin da nake so ka tuna shi ne ranar da ka ɗora kanofi motarka ta daina zama buɗaɗɗiya. Firji a tsaye ba zai shiga ba, babban janareto sai dabara, tankin ruwa ba magana, ragon layya kuwa ba za ka kulle dabba a ciki ba sai ka buɗe tagogi duka kuma ko hakan ban so. Ana cewa ai ana saukewa, eh ana saukewa, amma sai ka nemo ƙarti uku ko huɗu, sannan ina za ka ajiye shi a gidan haya a Agege? Wanda duk na sani ya ɗora bai sake saukewa ba. Allah ya yi maka zaɓin alheri.

Hajiya mai atamfa, Balogun:
Ni kuma murfi mai naɗewa ne a tawa, na alminiyom, irin ƙofar shagon nan da ake ja ƙasa a kulle, kuma ban yi nadama ba ko kaɗan. Dalilina ɗaya ne ƙanina, ɓarawo abin da idonsa ya gani yake bi. Kanofi gilashi ne ta ko'ina, yaro yana wucewa a goslo ya leƙa ya ga inbata, kuma gilashi dutse ɗaya ne. Nawa ba wanda ya san ko akwai kaya a ciki ko babu. Sannan ina ganin bayana tas a madubi, a cikin Idumota da danfo da keke Marwa da masu turin kaya suna kutsowa ta ko'ina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma zan faɗa maka gaskiya, ruwa yana ɗan shiga ta kusurwa wajen ƙofar baya in ya yi ƙarfi, shi ya sa dilolina duk a leda suke kuma na sa katako a ƙasa. Akwai 'yan bututu da suke fitar da ruwa daga akwatin naɗin, in yashi ya toshe su ruwan cikin bodi yake komawa, sai ana zuƙe su lokaci-lokaci. Na leda mai laushi kam kar ka kalle shi ma, reza ɗaya ta gama da shi, rana kuma tana busar da shi ya tsattsage.

Direban kamfani, Apapa:
Hajiya ai akwai kanofi marar gilashi, gefensa ƙofofi ne na alminiyom da suke ɗagawa sama, ka miƙa hannu ka ɗauki kaya ba sai ka rarrafa ciki ba. Na Afirka ta Kudu irin su Alu-Cab haka suke zuwa kuma su ne masu ɗaukar nauyi a ka sosai, sai dai tsada, da dala ake lissafinsu. Na Tailan irin su Carryboy da Aeroklas sun fi sauƙi. In kuma mai gilashi ne kuma baƙi, ka san 'yan sanda sun sha tambayar takardar izinin gilashi mai duhu, gara ka sani tun yanzu. Ganin baya kuwa kyamara ake sawa, ba ta da tsada.

Mai walda, Idi-Araba:
Yallaɓai tunda kuɗin a ƙirge suke bari in sa baki, ba don sana'ata ba ce. Ana iya haɗa maka a nan gida, ƙarfe mai kusurwa huɗu a yi firam, a rufe da falle, ƙofa biyu a gefe ɗaya a baya, kariya a sama wadda nauyinta yake sauka a kan bakin bodi ba a kan rufin ba. Kuɗinsa bai kama ƙafar na waje ba. Aibinsa biyu kuma ba zan ɓoye ba, ya fi nauyi, sannan tsatsa. Kai da kake yawan zuwa Lekki da Ajah iskar gishirin teku tana cin baƙin ƙarfe da wuri, dole a yi amfani da galbanaiz, a shafa jan fenti na ƙasa a duk inda aka yi walda kafin fentin sama. Kuma duk wanda zai ɗaura maka, ko ni ko wani, kar ka yarda a huda bodin motarka barkatai, akwai maƙalai da ake damƙe bakin bodi da su ba huji. Duk hujin da aka yi ba a shafe shi ba nan tsatsa za ta fara.

Makanike, Ladipo:
Na manta abu ɗaya kuma shi ne ya fi sa mutane asara. In tokumbo za ka saya ka zo da motar, kar ka aiko yaro da hoto. Vigo da aka yi har zuwa 2015 da Revo da ta biyo bayanta bodinsu ba ɗaya ba ne, na Tacoma da ake kawowa daga Amurka kuma ko kusa, balle Ranger ko L200. A ɗora a gabanka, ka duba robar da ke zagaye ko ta bushe, ka ɗaga ƙofar ka sake ta ka ga ko sandunan gas ɗin suna riƙe ta, ka gwada makulli, sannan ka sa a kwarara mishi ruwa da tiyo ka shiga ciki ka duba. In kana da ƙarfen ado ɗin nan a bayan gilashi sai an cire shi. Kuma ka duba ƙofar bayan motarka kanta, yawancin Vigo ba su da makulli a nan, in ba ta kulluwa to duk abin da ka ɗora a sama aikin banza ne, a sa mata makulli a kuma liƙa roba a gefenta don ta nan ƙura take shiga, za ka gani da idonka in ka yi hanyar Katsina da hunturu.

Malama, Obalende:
Dan Allah ɗan uwa tunda ka ambaci tafiya gida da iyali, ina roƙonka kar kanofi ya sa a ce yara su shiga baya tunda akwai rufi. Hayaƙin salansa yana zagayowa ya shiga ta ƙofar baya, gubar da ke cikinsa ba ta da wari, yaro sai ya yi kamar barci yake. Ga zafi, ga ba bel in aka taka birki. Haka jarkar fetur ko tukunyar gas, kar a kulle su a ciki cikin rana. Baturanka ma na ruwa suna fitar da iska, ka sa a bar maka 'yar kafar shan iska a sama.

Mai Sola, Agege:
Malama in sha Allah ba wanda zai zauna a baya, kaya kawai. Na gode ƙwarai dukkanku, Allah ya bar zumunci. Na fita na auna yanzu, tubula ɗina da akwatin kayan aiki ba za su zauna ƙarƙashin murfi tare ba sai an ajiye ɗaya, ga tsani kullum yana tare da ni. Hajiya maganarki ta ido ta shige ni sosai, don haka in kanofi ne marar gilashi zan nema mai ƙofa a gefe. Alhaji, rago da firji sai in ɗauki hayar mota ranar da buƙata ta taso, sau ɗaya ne a shekara, sola kuwa kullum ne. Oga Makanike ranar Asabar zan shigo Ladipo da motar in ga ko akwai tokumbo na alminiyom da zai zauna mata, in farashin ya fi ƙarfina sai in wuce Idi-Araba.

Mai walda, Idi-Araba:
Allah ya kai mu. In za ka zo ka taho da tsanin da farantin sola ɗaya mafi girma da kake ɗauka, a kansu za mu yanka kariyar.