Mash da Hausa: jiƙo, talge ko kunun tsiro?

Jama'a, a taya ni neman kalma ɗaya. Ina fassara bayani kan masu dafa giyar pale ale, wata irin giyar sha'ir mai hasken launi, a gidajensu a Ingila da Amurka, irin waɗanda ba sa sayen tataccen ruwan malt na gwangwani, sai dai su faro daga ƙwayar sha'ir. A Amurka dafa giya a gida ya yaɗu ne bayan Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta shi a 1978. Yawancin koke-kokensu a mataki ɗaya suke taruwa, wanda suke kira mash. Shi nake nema wa suna.

Kafin wani ya ce "Malam, ina ruwanmu da giya?", raɗa wa abu suna ba shan sa ba ne. Kuma a wannan mataki babu ko ɗigon barasa, sai an zuba yisti daga baya take samuwa. Lemon malt ɗin da ake rabawa a gidan biki ma ta nan yake biyowa, don haka ɗalibin kimiyyar abinci yana buƙatar kalmar.

Ga yadda aikin yake. A jiƙa sha'ir ya tsira, a busar da shi, ya zama malt. Wannan babu gardama, tsiro ne, masu kunun zaƙi sun riga mu sa masa suna. Sai a ɓarza tsiron, a juye shi cikin ruwan zafi, kamar lita 3 ga kowane kilo, a rufe, a tsare zafin a wajen digiri 66 na ma'aunin Celsius har awa guda. Ba a bari ya tafasa. Cikin wannan awar ne sinadaran da tsirowa ta tayar a jikin ƙwayar suke farfasa sitaci ya koma sukari. Manyansu biyu ne. Beta-amilas ya fi aiki tsakanin digiri 60 da 65, kuma sukarinsa yisti na cinye shi tas. Alfa-amilas ya fi son wajen digiri 70, shi kuma yana barin sukari mai nauyi da yisti ba ya iya ci. Shi ya sa mai kukan abinsa ya fito salam ake ce masa ya ƙara zafi da digiri biyu, mai kukan zaƙi ya yi yawa kuma a ce ya rage. Kalmar da za mu zaɓa dole ta ɗauki wannan: zafi tsararre, da hatsin da yake narkar da kansa.

Cikin waɗanda na riga na tambaya, an fi kawo mini jiƙo. Na gode, amma ba zai yi ba. Jiƙo a kunnen Bahaushe ruwan sanyi ne, a zuba sassaƙe ko saiwa a bari ya kwana. Ga shi kuma akwai jiƙawa ta gaskiya a farkon aikin, lokacin da ake son sha'ir ya tsira. In muka kashe kalmar a nan, da me za mu kira wancan?

Tsimi ma na ajiye shi. Yana ɗaukar kwanaki, kuma yana jan hankali zuwa ga tsami, alhali mash ɗin da ya yi tsami ya lalace.

Malam, kai da ka kawo talge, Allah ya ƙara sani, ka fi kowa kusa. Akwai ruwan zafi, akwai gari, kuma mataki ne na share fagen wani aiki. Inda muka rabu shi ne talge a kan wuta yake yana ɓararraka, burinsa ya yi kauri a tuƙa. Mash kuwa da ya tafasa sinadaran sun mutu, kuma burinsa kaurin ya sake.

Amsar da ta zaunar da ni daga wata Hajiya ta zo, mai sana'ar kunun zaƙi. Ta ce ita takan sheƙa tafasasshen ruwa a kan ƙullu ya yi kauri, ta bari ya ɗan huce, sannan ta zuba markaɗaɗɗen tsiro ko ɗanyen dankalin Hausa, ta rufe. Kafin gari ya waye ya tsinke, ya yi zaƙi. In ta yi gaggawar zubawa da zafinsa, haka zai kwana da kaurinsa. Hajiya, ai kin gama darasin. Abin da littafi ke aunawa da ma'aunin zafi, ke da bayan hannu kike aunawa. Haka ma kokon da aka mayar da cokali cikinsa bayan an lasa yake tsinkewa, domin yawu yana ɗauke da amilas.

To ga abin da na tsayar: haɗin kansa a kira shi kunun tsiro, abin da ake jira ya faru a cikinsa kuma tsinkewa.

Na san za a ce tsinkewa aibi ne a madafa, ba mai murna kokonta ya tsinke. Gaskiya ne, amma a kunun zaƙi ita ake nema, kuma duk wanda ya ji "ya tsinke" ya san sitaci ya saki. Za a kuma ce mash ba shi da sulɓin kunu, ɓarzajjen hatsi ne cikin ruwa. Kunun tsaki fa? Bai hana shi amsa sunan kunu ba.

Bari in gwada kalmar a kan matsalolin da ke gabana, don a nan ake gane ko ta zauna.

Wani yana kukan sukarinsa ya gaza abin da ya lissafa. Sai a ce masa: kunun tsironka bai gama tsinkewa ba. Ɗebi kaɗan a farin faranti ka ɗiga aidin. In ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, da sauran sitaci, ƙara masa minti 15. Duba ɓarzarka kuma, in kana ganin ƙwayoyi ɗungum ba su fashe ba, ruwa bai isa cikinsu ba. Kada ka manta tsiron da sanyinsa yake shiga, don haka ruwan ya ɗara zafin da kake nema da 'yan digirori. In ya wuce, surka.

Wani kuma tata ce ta tsaya masa cik. Ɓawon sha'ir shi ne matacin, ruwa ta tsakaninsa yake tsiyaya. In aka niƙe shi ya zama gari, sai ya toshe. Maganin da suke yi shi ne su cuɗa ɓuntun shinkafa a ciki. Dawa ba ta da irin wannan ɓawo, kuma sitacinta sai da zafin da ya fi na sha'ir yake nuna, dalilin da ya sa Hajiya take fara dama nata da tafasasshen ruwa ke nan. Kamfanonin Najeriya sun sha fama da wannan bayan an hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 suka koma ga dawa.

Sai mai kukan bauri. Bayan tatar farko ana bi da ruwan zafi a kwashe sauran sukarin, abin da suke kira sparge. Wannan ɗauraya ce, ba sai mun wahala ba. In ruwan ɗauraya ya haura digiri 77, ko aka yi ta ɗauraya har zaƙi ya ƙare, ɓawon yana sakin bauri irin na goro. Ruwan ma da hannunsa a ciki. Kunun tsiro yana son ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa, tsakanin 5.2 da 5.6, farin tsiro kuwa, wanda ba a gasa shi ya yi duhu ba, shi kaɗai ba ya iya sauko da ruwa mai yawan sinadarin alkali, kishiyar tsami, zuwa nan. Garin Burton na Ingila ya yi suna a pale ale ne saboda ruwan rijiyoyinsa cike yake da jifsam, wani farin ma'adini, har yau masu yi a gida suna barbaɗa jifsam a nasu ruwan don su kwaikwaye shi.

Duk jimlolin nan sun tafi ba tuntuɓe. Saura ruwan zaƙin da ake tacewa daga kunun, wanda suke kira wort. An ba ni "ruwan zaƙi", amma zoɓo ma ruwan zaƙi ne. Na rubuta ruwan tsiro, kuma da shi zan miƙa fassarar.