Neman kalma: yaya za mu ce "sustainable" in ana maganar gini?

Assalamu alaikum. Jama'a, kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, ina neman agaji. Kawuna da ke harkar hatsi a Legas ya samu ɗan fili a wajen Badagry, kusa da bakin teku, yana so ya yi madaidaicin gidan da zai riƙa kai iyali hutu. Mai zanen gini ya ba shi bayani da Turanci, shi kuma ya turo mini nan ƙauyenmu a ƙasar Ringim, in fassara wa maginin da zai je ya tsaya masa a kan aikin. Kalmar da ta maƙale ita ce sustainable. Wasu daga cikinku sun riga sun turo mini shawarwari, zan amsa musu a ƙasa.

Sauran ba su ba ni wahala ba. Gidan hutu dai gidan hutu ne. Na ƙi cewa "gidan shaƙatawa" da gangan, don a kunnen mutanenmu yana kai tunani wurin da dattijo ba zai so a gan shi ba. Masauki kuma na baƙo ne, ba na mai gida ba.

Na san amsar da za ta fara zuwa: "mai ɗorewa". Haka gidajen rediyo suke faɗa, musamman tun 2015 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da muradunta 17, aka ce da su muradun ci gaba mai ɗorewa. To na gwada ta. Na ce wa Baba magini ana son gida mai ɗorewa, bai ko yi tunani ba ya ce, "Ai sai a ƙara siminti, a sa rodi mai kauri, a zuba kankare a sama." Kuma bai yi kuskure ba, Hausar da na ba shi ke nan. Abu mai ɗorewa shi ne wanda zai daɗe bai lalace ba. Takardar kuwa cewa ta yi a rage siminti gwargwadon iko.

Asalin ma'anar da ake nufi ta bazu ne a 1987, daga rahoton wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da Gro Harlem Brundtland, firaministar Nowe a lokacin, ta jagoranta: a biya buƙatar yau ba tare da an tauye wa 'yan baya damar biyan tasu ba. Ke nan ba gidan kaɗai ake so ya ɗore ba. Ruwan wurin, da itatuwansa, da yashinsa, da aljihun mai gidan, su ake so kada gidan ya cinye.

Bari in faɗa muku abin da ke cikin zanen, don ku auna kalmar da shi. Ɗaki biyu ne da falo da baranda mai faɗi. Za a ɗaga gidan a kan ginshiƙai yadda in ruwa ya taso zai wuce ta ƙasa. An ja shi baya sosai daga bakin ruwa, kuma an hana taɓa tudun yashi da bishiyoyin kwakwa da ke gabansa, don su ne katangar farko tsakaninsa da igiyar ruwa. Tagogi suna kallon juna, saboda da rana iska daga teku take busowa zuwa tudu, da dare ta juya. In ka buɗe mata hanya ta shiga ta fita, ba ka buƙatar na'urar sanyaya ɗaki, balle janareta. Rufin kwanon alminiyam ne mai dogon baki da zai kare bango daga feshin ruwa, don iskar can gishiri gare ta, kwanon da zai yi shekaru a Ringim can nan da nan zai yi tsatsa ya huje. An kuma ja kunne da babbar murya kada a kwaɓa siminti da yashin teku: gishirin yana cin rodi daga ciki, rodin ya kumbura, ya tsaga kankaren. Ruwan rijiya a irin wurin sau da yawa zartsi ne, don haka za a tara ruwan sama daga rufi zuwa tanki. Wuta daga sola. Masai ba za a haƙa mai zurfi ba, don ruwan ƙasa yana kusa, najasa za ta gurɓata shi. Shi kuwa siminti, dalilin rage shi, masana'antunsa ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon mai ɗumama yanayi da duniya ke fitarwa.

Malam na Gumel, Allah ya gafarta, na ga shawararka ta "mai kiyaye muhalli". Ta kama rabin maganar. Matsalata da ita, muhalli a bakin mutumin ƙauye gida ne. In aka ce wane ba shi da muhalli, wurin kwana ne ba shi da shi. In na ce wa magini gida mai kiyaye muhalli, zai tambaye ni ko gidan maigadi ake nufi. Muhalli mai ma'anar ƙasa da iska da ruwa Hausar rediyo ce da makaranta, ba ta gama sauka kan masu cebur da kwangiri ba. Kuma ba ta taɓo batun kuɗin riƙe gidan ba ko kaɗan.

Hajiya ta Kazaure ta ce "tsimi da tanadi". Hajiya, kin kusa. Amma tsimi yana da ɗan warin ƙanƙamo, a ce gidan tsimi sai a ɗauka mai shi marowaci ne. Tanadi kuma ajiya ce don gaba, "ginin tanadi" rumbu zai kawo wa mutum a rai.

Kalmar da na fi karkata gare ta daga bakin Baba maginin ta fito. Da na bar fassara na karanta masa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce, "Yaro, wannan ai tattali ne. Da haka ka ce tun farko." Daga nan ya shiga ba ni labarin ginin da ya gada. Tubali daga ƙasar kududdufin bayan gida. Azara daga giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba. Makuba daga ɓawon ɗorawa, a shafe bango ruwa ya zame. Indararo ya jefar da ruwan rufi nesa da gindin bango. Soro da bazara sanyi, da hunturu ɗumi, ba a biya kowa kuɗin wuta ba. In ya faɗi, ƙasar nan dai za a jiƙa a sake kwaɓawa. Duk abin da Bature ke nufi da kalmarsa yana jikin soro. Amma wa zai ce soro mai ɗorewa ne? Ka tsallake yaɓe damina biyu ka ga. Mu da muka ga ambaliyar 2022 a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗejia mun san yadda ginin ƙasa yake narkewa in ruwa ya kwana a gindinsa. Ginin da ya fi cika sharaɗin, shi ne "mai ɗorewa" ta fi kasa ɗauka. A nan na sallame ta.

Kada dai wani ya ce na ce a kai soro Badagry. Ruwan saman can ya kusa ninka na Kano, ga laima shekara duka. Mutanen bakin ruwa suna da nasu: a Makoko cikin Legas, da Ganbiye a Jamhuriyar Benin, gidajen katako da gora ne a kan turaku a cikin ruwa. Kayan sun bambanta, halin ɗaya ne, kowa ya yi da abin da ƙasarsa ta ba shi. Shi ya sa kalmar dole ta kama halin ginin, ba kayansa ba.

Ku duba yadda muke amfani da tattali. Ana tattalin yaro, ana tattalin saniya, ana tattalin ruwan randa da rani, uwargida tana tattalin hatsi ya kai kaka. Akwai kula a ciki, akwai rashin ɓarna, akwai tunanin gobe. Kuma tana tafiya ta ɓangare biyu: gidan yana tattalin wurin da yake, mai gidan yana tattalin gidan.

Ƙanena ɗalibi daga Dutse ya kawo ƙorafi mai ƙarfi, cewa saboda "tattalin arziki", mutane za su ji ginin tattali su fahimci gini mai araha. Gaskiya ne wasu za su ji haka. Sai dai Bahaushe ya san tattali daban, araha daban. Araha ba ta ado. Alminiyam da sola da tanki sun fi tsada ranar saye, sauƙinsu sai an zauna. Mai tattali shi ne ke sayen abu sau ɗaya.

Ya kuma ce a bakin teku ɗorewar ma ai ita ce kan gaba. Ƙanena, je ka tambayi mutanen Ayetoro a jihar Ondo, garin da aka kafa a 1947, wanda teku ta riga ta cinye babban ɓangarensa. Ba ƙarancin siminti ne ya ci gidajensu ba. In ruwa ya zo ƙwatar wuri, kaurin rodi ba ya hana shi. Nisan da ka bari tsakaninka da shi, da yashi da bishiyoyin da ba ka share ba, su ne ke sayo maka lokaci. Ga kuma wata makaranta ta kan ruwa da mai zanen gini Kunle Adeyemi ya zana a Makoko, a kan gangunan roba, aka gama ta a 2013. Duniya ta yaba mata. A 2016 ta rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi, an ma riga an kwashe yara daga cikinta don ta fara lalacewa ba a gyara ba. Kalmar da za ta tuna wa mai gida cewa akwai aiki a kansa bayan an miƙa masa makulli ta fi mini wadda za ta sa ya ɗauka an gama.

To ga inda na tsaya: ginin tattali ga salon, gidan hutu na tattali ga shi gidan. Malam na Gumel ya gyara mini wani abu, na kuma karɓa: a ce "na tattali" ga abu, a bar "mai tattali" ga mutum, don gida ba shi da hannun yin tattali da kansa. Na gwada ta a wasu wurare ta zauna: noman tattali, kiwon tattali, sun tattali ga masuntan da ba sa kama ƙananan kifi. Inda ba ta shiga ba shi ne ci gaba. "Ci gaban tattali" zai rikice da tattalin arziki, don haka a can a bar wa 'yan jarida "mai ɗorewa" ɗinsu.