Ruwan cikin ido ne ya fizgi jijiyar gani, ko jini ne ya yanke?

Nas: Jama'a, an kawo mana wani dattijo daga Daura, ya haura sittin. Ya kwanta lafiya lau, da asuba ya tashi rabin ganinsa na ƙasa a idon dama ya ɗauke. Ba zafi, ba ja. Ya ce kwanaki yana ganin baƙaƙen ɗige-ɗige na yawo, da walƙiya. Akwai alaƙa?

Ɗalibi: Akwai mana, Anti. Ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika ido, in tsufa ya zo yakan tsinke ya rabu da bayan ido. Likitoci biyu, Parsa da Hoyt, sun rubuta a mujallar Ophthalmology a 2015 cewa wajen rabuwar ne yake fizgar kan jijiyar gani, sai wurin ya kumbura, gani ya ɗauke. A ganinsu ba yankewar jini ba ne.

Dokta: Ɗana, takarda ɗaya ka karanta ka zo mana da fatawa? Likitan ido Hayreh na Jami'ar Iowa ya shafe shekaru yana nuna cewa ƙananan jijiyoyin jini masu ciyar da wurin ne ke gazawa. Jini na sauka cikin barci, shi ya sa da asuba ake farga. Rabuwar ruwan nan kuwa tsofaffi da yawa ta same su, amma NAION, wato wannan ɗaukewar gani ta farat ɗaya daga kan jijiyar gani, tsiraru take kamawa. Me ya sa?

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, sai mai ƙaramin kan jijiya, cunkusashshe. A Iran ma an cire wa wasu ruwan da tiyata, suka ce gani ya ƙaru.

Dokta: Mutane kaɗan, kuma ba a kwatanta su da waɗanda ba a taɓa ba. Wasu da kansu suke samun ɗan sauƙi. A Amurka an gwada tiyatar sassauta jijiyar, rahoton 1995 ya nuna ba ta amfani, har tana iya cutarwa.

Nas: Yana da suga da hawan jini, matarsa ta ce minsharinsa har zaure. Maganin jinin ma da dare yake sha.

Dokta: To kin ji, duk waɗannan ɓangaren jini suke nunawa. Ki tambaye shi ciwon gefen kai, ko muƙamuƙi na gajiya in yana tauna. In akwai, yana iya zama kumburin jijiyoyin jini ne, a yi gwajin jini na ESR mai nuna kumburi yau, kada ɗayan idon ya bi. A ɗiga masa magani a buɗe ƙwayar ido, a duba ko tantanin gani ya yage.

Ɗalibi: Ni dai ban janye ba, ranka ya daɗe. A yi masa OCT, wato hoton da ke nuna bayan ido dalla-dalla, tukuna.