Kafin ka sauka tsohon ɗakin fakewa na ƙarƙashin ƙasa

Birtaniya ta haƙa ƙananan ɗakunan ƙarƙashin ƙasa sama da 1,500 don sa ido kan harin nukiliya, ta rufe ragowarsu a 1991. Masu ziyartarsu da suka tattauna ladubban shiga sun yi ittifaƙi a kan neman izinin mai gonar da ɗakin yake ciki tukuna. Kada ka sauka kai kaɗai: tsanin ƙarfe kan yi tsatsa, ruwa kan kwanta, iskar ciki ba lallai ta shaƙu ba. An fi jan kunne kan ɗauke kayan da ke ciki, ko takarda ce a bar ta, hoto ya isa. Wasu sun ce kada a bayyana inda ɗakunan suke, gaskiyarsu kuwa, don 'yan ɓarna sun ƙona da dama. Mai tsoron rami ya tafi cibiyar da ta kula da ɗakunan yankin a birnin York, wadda ƙungiyar kula da wuraren tarihi ta English Heritage ta buɗe wa jama'a a 2006.