Kifin da ya nutse: yabo ne, ko gudun tsoro?

Mai Koyar da Sinanci: Jama'a, ga abin da na tsaya a kai. Karin maganar nan ta Sinawa ta yabon kyan mace, "chen yu luo yan, bi yue xiu hua", wato "kifi ya nutse, dinya ta faɗo, wata ya ɓuya, fure ya ji kunya", don mata huɗu aka ƙirƙire ta, kowacce da nata kason. Kifi ya nutse na Xi Shi ne, da take wanki a bakin rafi. Dinya ta faɗo na Wang Zhaojun ne. Wata ya ɓuya na Diaochan, fure ya ji kunya kuma na Yang Guifei.

Ɗalibin Tarihi: Malama, rabon nan daga baya aka yi shi. Tushen rabin farko yana babi na biyu na littafin Zhuangzi, masanin falsafa na Sin, wajen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Matan da ya ambata ma daban ne: Mao Qiang da Li Ji. Ya ce mutane na ganin kyansu, amma kifi in ya gan su sai ya nutsa ƙasan ruwa, tsuntsu ya tashi sama, barewa ta ruga. Tsoro ne ya kore su. Abin da yake nunawa shi ne kyau a idon ɗan Adam ba kyau ba ne a idon kifi.

Mai Koyar da Sinanci: Na yarda da tushen, amma ai magana ta masu amfani da ita ce. Yau Basine in ya faɗe ta, yabo yake nufi: kifin ya shagala da kallo har ya manta da iyo.

Hajiya Mai Fassara: A nan ina bayanki, Malama. Shi ya sa mai fassara ke tafka kuskure in ya rubuta "kifi ya gudu". Tsuntsun Zhuangzi sama ya yi, na karin maganar kuwa ƙasa ya faɗo. Wannan juyin kaɗai ya nuna ma'ana ta sauya. Kuma mace kawai ake yi wa ita, a rubutu ko wasan kwaikwayo. A hirar kasuwa nauyinta ya yi yawa. Ana iya faɗin kalmomi huɗun farko, "chen yu luo yan", su kaɗai.

Ɗalibin Tarihi: Hajiya, to mu duba rabon. Wang Zhaojun tarihi ya san ta: a shekara ta 33 kafin Annabi Isa aka aurar da ita ga Huhanye, sarkin Xiongnu, makiyayan arewacin Sin. Yang Guifei, matar sarkin daular Tang, ta mutu a Mawei a 756 bayan Annabi Isa, lokacin tawayen janar An Lushan. Diaochan fa? Sunanta ba ya cikin tarihin daular Han, zamanin da ake cewa ta rayu. Labarai da wasanni ne suka raya ta. Abin da ya fi damuna shi ne furen. Ana cewa Yang ta taɓa tsiron nan mai naɗe ganye in an taɓa shi, alhali asalinsa nahiyar Amurka ne, bai isa Sin a zamanin Tang ba. Kuma mawaƙi Li Bai, wanda ya rayu a fadar Tang ɗin nan, a waƙarsa Xi Shi ya ba wa furen da ya ji kunya.

Mai Koyar da Sinanci: Wannan ta Li Bai ta kama ni. Na janye kalmar "ƙirƙire". Amma a aji rabon huɗun zan ci gaba da koyarwa, don shi ɗalibi zai tarar a bakin Sinawa, sai in biyo da babin Zhuangzi.