Ganye zai iya maye gurbin leda da farantin roba kuwa?

Maman_Biyu:
Salam 'yan uwa don Allah ina da tambaya. Jiya bayan ruwan sama na ga yadda ledoji da robobin abinci suka toshe kwata har ruwa ya koma cikin gidaje, abin ya tsaya min a rai wallahi. Da gaske ganye zai riƙe abinci mai zafi bai yage ba?

Manomi77:
Wa alaikumussalam, sosai ma musamman ganyen ayaba, yana da wani santsi kamar kakin zuma a jikinsa shi ya sa ruwa da maiƙo ba sa ratsa shi da wuri. Amma ki wanke shi tas sannan ki ɗan gifta shi a kan wuta har ya yi laushi ya soma sheƙi, in ba haka ba kina naɗewa zai tsage ta jijiya.

YarKimiyya:
A Indiya sana'a ce guda, suna ɗinke ganyen wata bishiya da ake kira sal su matse a inji mai zafi ya fito faranti, kuma tun 1 ga Yulin 2022 aka hana farantin roba na yarwa a can, Tarayyar Turai ma ta hana tun 2021. Farantin ganyen kuwa in an gama ci a zuba shi a rami ya ruɓe ya zama taki.

Dattijo:
'Yata a dai kula, ɗanyen ganye kwana kaɗan yake ya yanƙwane, kuma wanda aka yi wa feshin magani kwanan nan kar a sa abinci a ciki.

Maman_Biyu:
Na gode Baba. To abinci mai ruwa-ruwa fa, farantin ganyen yana ɗauka?