Kumburin ƙasan muƙamuƙi lokacin cin abinci: tsakuwa ce a hanyar yawu?

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da wani kumburi a ƙasan muƙamuƙinta na dama, wanda yake tasowa da zafi da zarar ta kai lomar farko, musamman idan miyar tana da tsami, sannan ya sace bayan awa ɗaya ko biyu. Mun ɗauka hangum ne, amma likita ya ce yana zargin tsakuwa ce a hanyar yawu. Shin dole sai an yi mata aiki?

Ma'aikaciyar jinya, Samaru:
Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Alamun sun dace da abin da likitan ya faɗa, domin idan abinci ya shiga baki yawu yakan taso da yawa, sai ya tarar tsakuwar ta toshe masa hanya, ya taru a baya. Kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan tsakuwa a ƙasan muƙamuƙi take fitowa, saboda yawun wurin yana da kauri kuma hanyarsa doguwa ce mai hawa sama. Idan ƙarama ce, sau da yawa takan fita da kanta: ta yawaita shan ruwa, ta tsotsi lemun tsami ko tsamiya, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a riƙa murza shi a hankali daga baya zuwa wajen haɓa. Ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ke jawo ta, kuma kun san zafin Zariya a watan Afrilu.

Wani mai bibiya, Sabon Gari:
Ni tawa ta ƙi fita. Bayan an yi mini sikanin, an kashe mini wurin da allura, aka ɗan tsaga ƙarƙashin harshe aka zaro ta, girmanta bai wuce ƙwayar dawa ba. Ina roƙonku kada ku kai ta wurin wanzami.

Ma'aikaciyar jinya, Samaru:
Haka ne. Cire gaɓar da ke samar da yawun gaba ɗaya sai idan tsakuwar ta yi zurfi ko ciwon yana yawan dawowa. Amma idan kuka ga zazzaɓi, ko mugunya a baki, ko kumburin ya ƙi sacewa, ku garzaya asibitin koyarwa na Shika, domin alama ce ƙwayoyin cuta sun shiga.